Bakin Ƙofar Ajin Magana

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya ciwon gwiwar? Ko har yanzu kana nan a kan bakanka cewa ba tsufa ba ne, matakalar makaranta ce? Ni ma lafiya lau, sai gajiya da sauro.

Na iso sansanin aikin madatsar ruwa lafiya. Asibitin namu ɗaki biyu ne da baranda. Likita jefi-jefi yake zuwa, sauran ranaku ni kaɗai ce da leburori, kuma kullum ba a rasa wanda ya yanke ko ya ƙone. Babu sabis a nan sai an hau wani tudu a bayan sansani, shi ma sai ya ga dama. Direban motar kaya da ke kawo mana magani shi ne gidan wayarmu, duk abin da za ka rubuto ka ba shi.

Yaya, ban san da wane baki zan gode maka ba. Kakanninmu ne wa da ƙanwa, rabon da mu haɗu tun rasuwar baban Aku, amma da na ce ina neman inda zan ajiye ƴata a dogon hutu, ko "bari in yi shawara" ba ka ce ba. Allah ya bar zumunci.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Tana ƙarama ba ta rufe baki, shi ya sa babanta ya laƙaba mata Aku. In'ina daga baya ta zo mata. Zangon da ya wuce malaminsu ya tsayar da ita ta yi karatu a gaban aji, kalma ɗaya ta maƙale mata, ta yi ta fama, ajin ya fashe da dariya. Wasu har da bin ta a hanya suna kwaikwayonta. Ta dawo ta shige ɗaki, ko kallon abinci ba ta yi ba. Ni na san abin da na gani a fuskarta ranar, kuma ba na son in sake ganinsa har in mutu.

Ita da kanta ta nace sai ta yi karatun hutun makarantarku, tun ranar da ta ga takardar sanarwar da ka aiko. Na yi murna, don ba ta cika roƙon komai ba. Roƙona a gare ka ɗaya ne: a sa ta inda hannu ke aiki baki ya huta. Kada a tsayar da ita a gaban mutane. In ka ga magana ta sarƙe mata ka taimaka ka ƙarasa mata, haka nake yi a gida. Ba ta son waya, kada a matsa mata, ta rubuto mini ya isa.

Ƙanwarka,
Maman Aku

*

Ƙanwata, Likitar Leburori,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso tana warin man mota, da alama a ƙarƙashin kujera direbanku ke ajiye gidan wayar tasa. Muna lafiya. Gwiwa kuwa matakala ce, kuma haka zan ci gaba da faɗa har ranar da za a ɗauke ni a kujera. Antinki tana gaishe ki, ta ce ki riƙa shiga gidan sauro, wai masu ba da magani su ne ba sa sha.

Godiyar ta isa haka nan. Ɗan'uwa rabin jiki ne, ko da kuwa ta wajen kaka aka haɗu.

Mun fara karatun hutu. Da safe lissafi da karatu ne, na kowa da kowa, babu mai tsira. Bayan an sha iska sai a watse zuwa azuzuwan zaɓi. Akwai kafinta a tsohon gareji, ɗinki kusa da ɗakin karatu, kwamfuta a sama, lambu a bayan tankin ruwa, sai ajin magana da nake koyarwa da kaina, inda yaro ke koyon tsayawa a gaban jama'a ya yi bayani. Ba ma ba iyaye takarda su zaɓa, don in ka bar wa iyaye, duk yaran duniya kwamfuta za su shiga. Ranar farko muna zagayawa da yara su leƙa ko'ina, sai a buga ƙararrawa, kowa ya je ya tsaya a bakin ƙofar ajin da ransa ke so. Inda ƙafarka ta kai ka, nan ne ajinka. Ni na kawo wannan tsari, kuma duk wanda ya zauna da ni minti biyar sai ya ji labarinsa.

Da aka buga ƙararrawa na dawo, sai ga Aku a bakin ƙofata, ta rungume jakarta. Tausayinta ya kama ni. Baƙuwa ce, ba ta san kowa ba sai Kawu, ina za ta in ba wurin Kawu ba? Na tuna da roƙonki, na kama hannunta na kai ta wurin malamar ɗinki, mace mai haƙuri wadda ita ma ba ta cika surutu ba. Ta ɗan tirje a hanya, ta buɗe baki, na ce, "Na sani, kada ki damu, ina nan kusa, ana tashi tare za mu tafi gida." Yanzu jakar yadi take koyon ɗinkawa.

A gida kuwa mun zama gwanaye. Kafin ta kai rabin kalma an miƙo mata abin da take so. Autana har gasa yake yi da uwarsa a ga wanda zai riga ganewa. Ki kwantar da hankalinki. Ba ta ba mu wahala ko kaɗan, ko motsinta ba a ji.

Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da mutanen gida. Lafiyata ƙalau. Ka gaya wa Anti gidan sauron ya yage, na ɗinke shi da zaren ɗinkin rauni, ba wanda ya sani sai ku.

Na karanta wasiƙarka a baranda na yi ajiyar zuciya har wani lebura da nake canza wa bandeji ya tambaye ni ko lafiya. Allah ya yi maka albarka da ka ɗauke ta daga bakin ƙofar nan. Ajin magana! Tsigar jikina ta tashi da na karanta. Ɗinki ya dace da ita, tana da natsuwa kuma hannunta ba ya rawa.

Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya mini. Takardar da ta saka a cikin taka layi biyu ce kacal: tana lafiya, tana gaishe ni. Yarinyar da in ta kama biro sai na ce ta bar wa gobe sauran. Wataƙila gajiya ce. Ka duba mini ita.

An fara ruwa sosai a nan, direba ya ce hanyar ta fara lalacewa, in ka ji shiru ka san dalili.

Ƙanwarka

*

Ƙanwata,

Ina gaishe ki, ina fatan ruwan bai yi muku ɓarna ba. Mu lafiyar jiki alhamdu lillahi. Aku tana ci tana sha, ba zazzaɓi ba ciwon kai. Na fara da wannan ne don kada zuciyarki ta tsinke kafin ki kai ƙarshe.

Kin ce in duba miki ita. Na duba, kuma abin da na gani bai yi mini daɗi ba. Yarinyar nan ta daina magana. Ba raguwa ba, dainawa. Gyaɗa kai ne da girgiza kai. Na tsaya na yi tunani, na kasa tuna ranar ƙarshe da na ji muryarta, kuma abin kunya, ba mu lura da wuri ba, don mun saba ba ta abu kafin ta nema.

Sannan malamar ɗinki ta same ni a ofis ta ce Aku tana sulalewa daga aji. Za ta yi ɗinkinta tsaf, ta ninke, ta ce da hannu za ta zaga, shi ke nan sai an kusa tashi. Na sa ido. Bayan ajina akwai wani lungu tsakanin bango da shingen furanni, inda ake jibge karyayyun benci. A nan na same ta zaune ƙarƙashin taga, ta haɗa kai da gwiwa. Na tambaye ta ko wani ya taɓa ta, ta girgiza kai. Na tara ƴan ajin ɗinki na yi musu tatas, har wata ta yi kuka, duk sun rantse ba wanda ya tsokane ta.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda Antinki ta gaya mini. Ta je ɗauko tsintsiya a ɗakin ajiya da yamma, sai ta ji murya a ciki. Aku ce ita kaɗai, ta fuskanci bango tana magana, ta tsaya, ta sake farawa, tana motsa hannu kamar akwai mutane a gabanta. Da ta ji motsi ta yi tsit. Ta taɓa yin haka a gida? Ruwa ba ya tsami banza. Ki gaya mini abin da zan yi, ke ce mai ilmin lafiya.

Yayanki

*

Ƙanwata,

Gaisuwa. Muna lafiya. Na je inda motarku ke lodi, aka ce gada ta karye, direba yana can gefenku. Na bar wannan a hannun mai gadi tare da ta farko.

Babu abin da ya canza. Jakar ta gama, ta fi ta kowa kyau, malamar ta ɗaga ta a gaban aji, ita ko kallo ba ta yi ba. Shirun naki da nata sun haɗu sun hana ni sukuni.

Yayanki

*

Yaya,

Ina gaishe ku. Lafiyata lau, in har wanda ya karanta irin wasiƙunka zai ce yana lafiya. Duka biyun tare suka iso yau da aka gyara gada.

Amana na ba ka. Ka rubuto mini da hannunka cewa ko motsinta ba a ji, ni kuma sakarya na ɗauka albishir ne, ashe ƴata ce take ƙonewa a gidanka kana yi mini barkwanci. Yarinya tana ɓuya a cikin karyayyun benci kana tambayar yara ko sun tsokane ta? Wane yaro ne zai ce e? An yi mata dariya a makarantar nan, ko ka gani ko ba ka gani ba. Ni na haife ta, na san yadda take yi in an taɓa ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ba ta taɓa magana da bango a gidana ba.

Na nemi izinin tafiya an hana ni, wai babu wanda zai riƙe asibiti sai wanda zai canje ni ya zo. Na yi kuka a gaban shugaban aiki, abin da ban taɓa yi a gaban wani namiji ba. Saboda haka ga abin da nake so: ka cire ta daga karatun hutun nan daga ranar da wannan ta same ka. Ta zauna a gida wurin Anti har in zo. Lissafin ma na yafe. Kada ka ce mini saura kaɗan a gama, kada ka kawo mini karin magana.

In na yi maka tsauri ka yi haƙuri, amma ba zan janye ko kalma ɗaya ba.

Maman Aku

*

Ƙanwata,

Salamu alaikum. Muna lafiya, Aku ma lafiya. Ban ji haushin wasiƙarki ba. Na ji zafinta, amma uwa ce ta rubuta. Ki zauna kafin ki karanta wannan, kuma ki daure ki kai ƙarshe kafin ki yaga.

Ranar da saƙonki ya zo, bayan mun ci abincin rana, na kira ta na ce Mama ta ce daga gobe ta huta a gida. Na zaci za ta ji sanyi. Sai ta ce, "K-k-kawu, ni d-d..." Na ce, "Ɗinkin ne ba kya so, na sani." Ta girgiza kai ta sake farawa. Antinki ta ce, "Gida take so, wurin mamanta." Auta ya ce, "Kwamfuta take so!"

Sai ta daki tebur da tafin hannu har cokula suka yi tsalle. Ta dube ni ido cikin ido, hawaye na zuba, ta ce, "B-b-bari in gama."

Ƙanwata, shekarata nawa ina koya wa yara magana, ban taɓa sanin shiru yana da wuya haka ba. Kalmar tana bakina, ina ganin tana kokawa da ita, jijiyar wuyanta ta tashi, sai da na danne hannuna a ƙarƙashin cinya. Abincin da ya rage ya huce. Da ƙyar da jiɓin goshi ta fitar da abin da ke ranta, ga shi kamar yadda ta faɗa, na cire sarƙewar kawai:

"Ni don ajinka na zo. Na gani a takardar. Ka ce inda mutum ya tsaya nan ne ajinsa. Na tsaya. Kowa an bar shi, ni ka ja hannuna."

Babu wanda ya tsokane ta. Ƙarƙashin tagar nan darasina take saurare. A ɗakin ajiya kuma aikin da na ba ƴan ajina take gwadawa, bangon shi ne jama'arta. Kukan kurciya jawabi ne, ni da nake taƙama da hankali ban gane ba. Tsarin da nake cika wa mutane kunne da shi, a kanta kaɗai na karya shi, kuma ina ganin alheri na yi.

Akwai sauran magana, na yi ta juyayin ko in rubuta. Ta ce tun ranar da aka yi mata dariya take son ta koyi yadda za ta sake tsayawa, amma duk lokacin da ta fara gaya miki, sai ki rungume ta ki ce kin sani, ba za a sake tsayar da ita ba. Ba da fushi ta faɗa ba. Cewa ta yi, "Mama tana jin tsoro."

Yanzu ga laifina, na sani kuma na aikata. Ban cire ta ba. Washegari na kai ta bakin ƙofar ajina na ce ta shiga. Ranar rufe karatu kowane ɗan ajin magana zai hau dandamali a gaban iyaye ya bayyana yadda ake yin wani abu guda, kuma ta ce za ta hau. Ba zan yi miki ƙarya ba, gwajin farko bai yi kyau ba. Ta maƙale, wasu yara biyu suka ƙyalƙyale, ta fita da gudu. Na ce shi ke nan, ƙanwata ta yi gaskiya. Da safe na fito na same ta ta riga ni shiga mota. Na kafa wa ajin doka: in mai magana ya tsaya, kowa ya ɗora hannu a cinya ya jira, ba mai jefa masa kalma. Ni na fi kowa shan wahalar dokar.

In kin ce lallai a cire ta, ki rubuto mata da kanki, zan miƙa mata. Ni dai ba zan sake jan hannunta ba.

Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa. Ina lafiya. Ban yaga ba, amma ta sha matsa.

Wa ya ba ka izini? Ƴan ajinka za ka iya kafa musu doka. Iyaye fa? Za ka bi su kujera kujera ka ce su ɗora hannu a cinya? Ɗaki cike da baƙi, ga masu ɗaukar hoto da waya, ga ƙananan yara da ba su san kara ba. Kai za ka koma ofis ka ce an gwada. Ni ce zan zauna a bakin ƙofar ɗakinta da kwanon abinci.

Na ɗauki takarda in rubuta mata kamar yadda ka ce. Na rubuta "Ƴata", na tsaya. Duk abin da na sa a gaba sai in ji kamar ina ƙarasa mata magana ne. Takardar sanarwar nan taku, a cikin littafinta take ajiye da ita har ta yi laushi don buɗewa. Na ga haka da idona, ban taɓa tambayarta wane layi take karantawa ba.

"Mama tana jin tsoro." To ina ji. Ba ita kaɗai aka yi wa dariya ranar nan ba.

Ban ba ka izini ba, ban kuma hana ka ba. Wanda zai canje ni bai zo ba, ba zan samu ranar ba. In abin ya lalace, kada ka ɓoye mini, kada kuma ka yi mini kwaskwarima. Me ma ta ce za ta bayyana? Ba ka faɗa ba.

Ƙanwarka

*

Ƙanwata,

Salamu alaikum. Kowa lafiya. An rufe karatun hutu jiya. Kin ce ba kwaskwarima, to ga shi yadda ya faru.

Ɗakin taro ya cika, fanka ɗaya ta ƙi juyawa, lasifika tana ƙara. Ƴan kafinta sun jera kujerunsu, ƴan lambu sun kawo ganye a kwanduna. Ƴan ajina suna zaune a benci a gefen dandamali. Wani ya bayyana yadda ake facin taya, wata yadda ake dasa itace. Sai aka zo kanta.

Ta hau da jakar da ta ɗinka. Ta buɗe ta a kan tebur, ta fito da auduga, da bandeji, da almakashi, da kwalbar ruwan gishiri, ta kira Auta ya miƙo hannu. Yadda ake wanke rauni a ɗaure shi ta zaɓa. Ban gaya miki ba don ita ta hana ni.

Sallama ta fita lafiya. Jimlar farko ta fita da ɗan tuntuɓe. Da ta ɗaga bandejin za ta faɗi sunansa, sai ya tsaya mata. Ta yi, ta yi, ya ƙi. Shirun ya yi tsawo har na ji ƙarar kujeru. A baya wani ya yi dariya, ba yaro ba, babba. Wata baiwar Allah a layin gaba, da kyakkyawar niyya, ta ɗaga murya ta ce, "Bandeji, ƴata, bandeji!" Wasu suka fara tafi don a rufa mata asiri ta sauka. Ƙafata ɗaya har ta hau matakala. Abin da ya tsayar da ni ƴan ajina ne. Ba wanda ya ce musu komai, duk sun ɗora hannu a cinya sun zuba mata ido. Tafin ya mutu da kansa.

Ba ta karɓi kalmar matar ba. Ta ajiye bandejin, ta ja numfashi, ta sake ɗaga shi, ta faɗa da bakinta. Daga nan har ƙarshe tana sarƙewa tana wucewa. Ta ninka lokacin kowa. Wasu sun koma danna waya, wani ya fita. Amma hannunta bai yi rawa ba ko sau ɗaya, kuma ɗaurin da ta yi wa Auta har yanzu ya ƙi yarda a kwance. Ta ce a wanke hannu tukuna, a fara daga tsakiya a yi waje, kada a ɗaure da ƙarfi har jini ya kasa wucewa. Ta rufe da cewa, "Haka m-m-mamana take yi."

Ba a yi mata tafin da ya fi na kowa ba. Da ta sauko ta zaga bayan labule ta yi amai. Na riƙe ta. Ta ji dariyar mutumin nan, ta gaya mini ta ji. Na tambaye ta ko ta yi da-na-sani, na kuma rufe bakina. Ta daɗe, sannan ta ce a'a. Sai ta tambaye ni ko kin zo, don tana ta duba ƙofa. Na ce aiki ne ya riƙe ki. Ta gyaɗa kai.

Ban san ko na yi daidai ba. In'inar tana nan inda take, kuma za ta koma ajin da aka yi mata dariya. Abin da na sani, yau da safe ta yi wa Auta faɗa a kan takalminta, faɗa mai tsawo, muka zauna muka saurara har ta gama.

Yayanki

*

Yaya,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Anti, da Auta mai bandeji. Lafiyata lau. Ya gwiwa? Na yarda matakala ce.

Na karanta wasiƙarka a ɗakin magani na kulle ƙofa, leburori suna ta ƙwanƙwasawa. Daga tsakiya a yi waje. Ban taɓa koya mata ba. Tana dai zama a gefe in maƙwabta sun kawo yaro ya faɗi, ni kuma ina ganin ta zauna ne don ba ta da wurin zuwa.

Har yanzu da na tuna mutumin nan da ya yi dariya sai in ji kamar in bi motar kaya in zo in neme shi. Tsoron bai tafi ba, kuma ban gama huce maka ba. Amma na gode.

Ga saƙo, ka faɗa mata da bakinka. Ranar Asabar in an tashi aiki zan hau tudun nan in kira wayarka. Ni na ce ba ta son waya, ban taɓa tambayarta ba, to ka tambaye ta, ka kuma jira amsa. In ta yarda, ina son ta koya mini ɗaurin rauni daga farko har ƙarshe, yadda ta yi a dandamali. Kada ta yi sauri, zan tafi da abin zama.

Ka gaya mata in ta ji shiru a wayar kada ta kashe. Ba sabis ne ya ɗauke ba, ni ce nake jira ta gama.

Ƙanwarka,
Maman Aku